Alhaji ya ce jinga jinga ce, bai san da ƙarin aiki ba

Mai Jinga: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don abin ya kai min iya wuya. Wata 11 ke nan da na karɓi jingar gida mai ɗaki huɗu da falo biyu a bayan gari nan Kano, daga tushe har rufi da filasta. Mun rubuta takarda shafi ɗaya, kuɗi da wa'adi, shaidu biyu suka sa hannu, Alhaji mai gidan ya ba ni kafin alƙalami. Da muka fara haƙa sai muka tarar ɓangaren gabas tsohon kududdufi ne da aka cike da bola. Leda da tsumma kawai muke fitarwa. Dole muka zurfafa har muka sami ƙasa mai ƙarfi. Alhajin yana tsaye a bakin ramin ya ce, "Ku yi abin da ya dace, ba matsala." Da muka kai linta uwargida ta zo duba gini ta ce kicin ya yi mata kaɗan, muka rushe bango, muka ƙara sito da banɗaki. A wajen rufi kuma ya ce ba ya son dogon kwano, mai tsakuwa yake so irin na maƙwabcinsa. Yanzu na kai masa lissafin ƙari, naira miliyan 3 da dubu 800, ya ce jinga jinga ce, shi gida ya ba ni in gina, kuma na gina. Har cikon kuɗina na asali ya riƙe wai sai na janye maganar.

Mai Ƙiyasi: Wa alaikumus salam. Kafin mu ce komai, tambaya uku. Zurfin da kuka ƙara, an auna an rubuta kafin a zuba kankare? Maganar kicin da kwano, akwai ta a rubuce ko a waya? Takardar taku an liƙa mata zanen gidan?

Mai Jinga: Ba a auna ba gaskiya. Zane akwai, amma ba a ambace shi a takardar ba. Sauran duk da baki ne. Mutumin abokin mahaifina ne, tare suke sahun gaba a masallaci. Ta yaya zan ce masa sa min hannu?

Mai Ƙiyasi: To ka ji inda gizo yake saƙar. Kunyar nan ita ta ci maka miliyan uku, ba Alhaji ba.

Baba Birkila: Ku yara kuna ba ni mamaki da zancen takarda. Na shekara sama da 40 da cokalin gini a hannu, na yi wa attajirai gidaje a Fagge da Gwammaja ba wanda ya taɓa ce min in sa hannu a komai. A yi magana a zaure, a tafa, shi ke nan. Wanda zai cuce ka ko takarda goma ka riƙe sai ya cuce ka. Amana ce ta yi ƙaranci, ba biro ba.

Malam Na Zaure: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku bar ni in ɗan tsoma baki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan me ta sauka? A kan rubuta bashi da kafa shaidu. Kuma a cikinta aka hana ƙosawa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara faɗa wa wannan, mutanen da amanarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Don haka rubutu ba zargi ba ne. Mutum yana mantuwa, kuma mutum yana mutuwa. In Alhajin nan ya faɗi yau, da wace hujja ɗan'uwanmu zai tsaya gaban magada?

Baba Birkila: Malam na ji, ban ja da aya ba. Amma ku faɗa min, 'yan kwangilar gwamnati da suke da fayil kamar katifa, ba su ne ke yawo ma'aikata shekara da shekaru ana ce musu ba kuɗi ba?

Mai Ƙiyasi: Gaskiyarku Baba, suna yawo. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ake ce wa "ba kuɗi" da wanda ake ce wa "ba ka bin mu komai." Na farko bashinsa yana nan a rubuce, ko gwamnati ta sauya. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya, ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar biya an tantance ta, ya zama biyan da aka jinkirta, kuma akwai ƙarin da yake hawa kansa gwargwadon abin da kwangilar ta tanada. Ta kuma wajabta wa ma'aikatu su adana takardun kwangila shekara 10 daga ranar da aka ba da ita. Ko ana bi ko ba a bi wannan wata magana ce. Amma kwana sittin ɗin daga yaushe za ka fara ƙirgawa in ba ka da kwafin takardarka da hatimin "an karɓa" da kwanan wata? Na ga ɗan kwangilar da ya miƙa takardar neman biya hannu da hannu ga wani jami'i a bakin mota, aka yi wa jami'in canjin wurin aiki, takarda ta bi iska. Wata bakwai ya yi yana rantsuwa.

Injiniya: Bari in kawo yadda ake yi a manyan ayyuka, sai mu rage shi daidai da namu. Hanyoyi da madatsun ruwa irin waɗanda Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu galibi ana ɗora su a kan sharuɗɗan FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya da ke Janeba. A bugun 1999, idan wani abu ya faru da kake ganin zai ja maka ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci, kwana 28 gare ka ka sanar a rubuce daga ranar da ka sani ko ya kamata a ce ka sani. Ka wuce haka, haƙƙinka ya faɗi, ko da gaskiyarka ta fi rana fitowa. Cikakken bayani kuma cikin kwana 42, bugun 2017 ya mai da shi kwana 84. Kuma abin da suke nema shi ne bayanan da aka rubuta a lokacin da abin ke faruwa, ba wanda ka zauna a gida ka tsara bayan rigima ta tashi ba.

Amma abin da ya fi dacewa da kai Mai Jinga shi ne maganar umarnin baki. Su ma sun san injiniya yana zuwa wurin aiki ya nuna da yatsa ya ce a yi kaza ya shiga mota. Sai suka ce ɗan kwangila ya rubuta masa cikin kwana biyu na aiki cewa ga abin da ka umarce ni, in bai musa ba cikin kwana biyu, ya zama kamar shi ya rubuta. Ka ga ba a ce ka tsare babba ka miƙa masa biro ba. Kai ne za ka rubuta.

Mai Jinga: Yallaɓai wannan ai na kamfanoni ne masu sakatare. Ni daga ni sai heluma da yaran lebura.

Injiniya: WhatsApp ɗinka shi ne sakataren. Da daddaren ranar ka tura masa: "Baba barka da dare. Kamar yadda kuka ce yau, za mu faɗaɗa kicin da ƙafa huɗu mu ƙara sito da banɗaki. Na lissafa zai kama kaza, kuma zai ƙara mana mako biyu. In kun amince gobe mu rushe bangon." Ina rashin ladabi a nan? Ko "to" kawai ya rubuto ya wadatar. Kuma kada guduma ta taɓa bangon sai "to" ɗin ya shigo.

Hajiya Mai Gida: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina jin kamar masu gida ne kaɗai azzalumai. Ku bari mu ma mu faɗi namu. Ina aiki a Abuja ina gini a gida, duk wata in tsuke bakin aljihu in tura. Mai aikin ya ce min siminti buhu 400 ya shiga dakin, wato rufin kankare, da ginshiƙai. Na ce ina rasit, ya ce Hajiya ai ba ma haka da ke. Hotunan da yake turo min ashe ginshiƙi ɗaya ne yake zagayawa yana ɗauka ta fuska daban-daban, ƙanena ne ya gano da ya je, saboda wata tsohuwar taya da ke jingine a jiki tana fitowa a kowane hoto. Sannan duk sati sai an ce min an sami "ƙarin aiki." To ni da ban san rodi mai 12 da mai 16 ba, ta ina zan bambance ƙarin gaskiya da na ƙarya? Watakila Alhajin nan ma an taɓa ƙona shi ne.

Mai Jinga: Hajiya wallahi ni ban ƙara masa ko sisi ba.

Hajiya Mai Gida: Ban ce ka ƙara ba ɗan'uwa. Cewa na yi shi ba shi da hanyar sani. Ka kawo masa lissafin miliyan uku a dunƙule bayan wata goma sha ɗaya, ko ni ce sai gabana ya faɗi. Da ka riƙa kawo masa ɗaya bayan ɗaya a lokacinsa, wataƙila da ya ce a bar kwanon ma, aljihunsa ba zai ɗauka ba. Ka hana shi damar ya ce a'a.

Mai Ƙiyasi: Wannan magana ta Hajiya ita ce ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Mai gida yana ganin bango ne kawai za a matsar. Bai ga bulo da aka fasa, da linta da aka sake, da bututun ruwa da ya ƙaru, da faɗin rufi da ya canza ba. In ba ka sa masa farashi a gaba kafin aiki ba, a ransa kyauta ce.

Yaron Sito: Manya ku yi haƙuri in sa baki. Ni aikina a wurin gini shi ne riƙe littafi, kuma maigidana ba ya wasa da shi. Littafi ne mai bango mai tauri irin na rajistar makaranta, mun ɗaure masa biro da zare don kada ya yi ƙafa. Duk shafinsa ruwan siminti ya taɓa. Kullum ina rubuta kwanan wata, birkiloli nawa, lebura nawa, kafinta ya zo ko bai zo ba, abin da aka yi, abin da ya shigo, abin da ya fita daga sito. In an yi ruwa in rubuta ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya ɗauke. In mai gida ya zo in rubuta abin da ya ce. Kwanaki mai kawo mana yashi ya zo karɓar kuɗi ya ce tifa 14 ya sauke. Na buɗe littafi, 11 ne, kowace da lambar mota da lokacin da ta shigo da sa hannun direba. Ya duba ya duba, sai ya yi dariya ya ce sauran ukun ashe na wani gini ne a bayanmu. Ba faɗa ba rantsuwa.

Baba Birkila: To wannan yaron na yarda da shi. Mu ma a da heluma yana da ƙaramin littafi a aljihun gaba yana yi wa lebura maki. Ban ɗauke shi a bakin takarda ba ne kawai.

Ɗan Zazzau: Jama'a tunda ana maganar, buhun siminti nawa yake yanzu a Kano?

Shugaban Zaure: Ɗan Zazzau a kai tambayar farashi ɗaya zauren. A nan matsalar ɗan'uwa ake dubawa.

Ɗan Zazzau: Afuwan shugaba, amma da alaƙa. Ni abin da ya karya ni ke nan. Na karɓi jinga a ƙarshen 2023 da kaya da komai a kaina, bayan an cire tallafin mai a watan Mayu kaya suna ta hawa amma na ce ai ya kusa tsayawa. Watan Fabrairun 2024 siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da yawa. Mai gida ya ce shi bai san wannan ba. Babur ɗina na sayar na ƙarasa masa.

Mai Ƙiyasi: Allah ya mayar da alheri. Maganin wannan layi biyu ne a takarda: an yi wannan lissafi ne a kan siminti buhu kaza, rodi tan kaza, ranar kaza, in farashi ya motsa sama ko ƙasa da kaso kaza, za a sake zama. Ka lura na ce sama ko ƙasa, don mai gida ya ga shi ma an kare shi. In ba haka ba, ka karɓi jingar aikin hannu kawai, shi ya sayi kayansa. Sannan a raba biya bisa matakin gini, tushe, linta, rufi, filasta, ba bisa "Alhaji yau ba mu da siminti" ba. Kuma a faɗi abin da zai riƙe a ƙarshe. A kwangilolin da aka tsara, yawanci kaso 5 ne cikin 100 ko 10, a saki rabi ranar miƙa makulli, rabi bayan wata shida ko shekara in ba a ga tsagewa ko yoyo ba. Ni nakan ce a bari damina ɗaya ta wuce a kan rufin. In an rubuta haka, mai gida ba shi da dalilin riƙe maka cikon kuɗi gaba ɗaya kamar yadda ake yi wa Mai Jinga yanzu.

Barista: Na shigo a makare. Mai Jinga, ba zan ɓoye maka ba, abubuwa ukun nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kicin da sito da banɗaki suna tsaye, ido yana gani, zane kuma bai nuna su ba. In shaidunku za su tabbatar da cewa wannan zanen aka yi jinga a kansa, kana da abin riƙewa, don ba wanda zai yarda ka gina wa mutum ƙarin ɗaki don nishaɗi. Kwano ma haka, rasit zai nuna bambancin kuɗi. Tushe shi ne mai wuya. Wanda ya karɓi jinga a dunƙule, in takarda ba ta ce komai a kan ƙasa ba, galibi ana ɗauka ya ɗauki kasadar abin da zai tarar a ciki. "Ku yi abin da ya dace" kuma ba ta ce "zan biya" ba. Ga shi an binne, ba awo.

Ka koma cikin wayarka tun daga ranar farko. Saƙo, hoto, muryar da aka turo, shaidar tura kuɗi ta banki. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda da abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayanin na'urar da yadda aka fitar da abin. Saboda haka kada ka sayar da wayar, kada ka goge komai, kada ka yanko saƙo ɗaya ka bar na gabansa da na bayansa. In kuma kotun Musulunci aka je, ka san ƙa'ida: hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Kai ne mai da'awa. Shawarata dai kada ka fara da kotu. Ku sami wanda yake jin nauyinsa, ku ɗauki mai ƙiyasi wanda ba naka ba ba nasa ba, ya auna abin da ke tsaye.

Injiniya: Ƙari a kan maganar tushe. Duk abin da za a rufe, rami ne, rodi ne kafin a zuba kankare, bututu ne a cikin bango, a ɗauki hotonsa da tef a miƙe a jiki yadda lamba za ta fito. Hoton rami ba tef ba ya gaya wa kowa zurfinsa. Kuma ba don kuɗi kaɗai ba. Ku tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, mutum sama da 40 suka rasu. Bayan abin ya faru sai ga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da suka fara kula da ginin suka rubuta tun Fabrairun 2020 suna janye hannunsu, har suka ambaci cewa ba su da sakamakon gwajin ƙarfin kankaren. Gwajin nan shi ne a ɗebi kankare a zuba a ɗan akwati, a fasa shi a inji bayan kwana 7 da kwana 28 a ga nauyin da zai ɗauka. Da baki kawai suka faɗa suka tafi, yau wa zai yarda sun faɗa?

Baba Birkila: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan kam ba a cewa komai.

Mai Jinga: Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na bi shawarar Barista na kwana ina tonon waya. Na sami muryar da uwargidan ta turo min tana cewa a sa tagar sito ta kalli tsakar gida, da saƙon Alhaji da kansa da ya turo hoton rufin maƙwabcin ya rubuta "irin wannan." Rasit ɗin kwano kuma yana wurin mai shagon, ya buɗe littafinsa ya ba ni kwafi. Limamin masallacinsu ya zaunar da mu bayan la'asar, wani mai ƙiyasi da Alhajin ya kawo da kansa ya je ya auna. Lissafinsa na kicin ya gaza nawa da dubu 140, na yarda. Alhaji ya amince da kicin da kwano, zai biya kashi biyu, ya kuma saki cikon kuɗina. Na tushe ya ce shi bai ga komai ba sai rami, liman ya dube ni, ni ma na san ba ni da ta cewa. Dubu 900 ta tafi. Abin da ya ba ni mamaki, da za mu tashi Alhajin ne ya ce a rubuta abin da aka yanke kowa ya sa hannu.

Hajiya Mai Gida: Ka gani ko. Shi ma tsoron kada ka dawo da wani lissafin yake yi.

Mai Jinga: Haka ne Hajiya. Yaron Sito, don Allah ɗauko min hoton shafi ɗaya na littafin nan naka in ga yadda kake ja masa layi. Ranar Asabar zan fara haƙa a wani wurin.

Yaron Sito: To maigida, bari in rufe sito in turo. Amma ku sayi mai bango mai tauri, mai laushin ba ya kai wata biyu a wurin gini.